Musayar Bajo a Wuraren Shakatawa na Disney: Yadda Na Fara Tare da Yarana

A safiyarmu ta farko a Magic Kingdom, ɗaya daga cikin wuraren shakatawa huɗu na Walt Disney World da ke kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, 'yata mai shekara bakwai ta tsaya cak a ƙofar wani kanti tana kallon wata ma'aikaciya. Matar tana rataye da faffaɗar igiya a wuya, an jera mata ƙananan bajo na ƙarfe masu launi iri-iri, ga kuma wani yaro a gabanta yana miƙa mata nasa yana karɓar wani. Ta ja hannun rigata ta ce, "Baba, sayarwa take yi?" Na ce mata a'a, musaya ce, irin ta ba ni gishiri in ba ka manda, kuma ita ma za ta iya yi idan ta ga dama. Ba ta yi ba a ranar, domin kunya ta hana ta, amma daga lokacin hankalinta bai sake barin wuyan ma'aikata ba.

Wannan al'ada ba ta tsufa sosai ba. Kamfanin Disney ya daɗe yana sayar da bajo, amma musayarsa a hukumance ta fara ne a watan Oktoba na 1999 a Walt Disney World, cikin bukukuwan shiga sabon ƙarni, kuma an ɗauko tunanin ne daga wasannin Olamfik, inda 'yan wasa da 'yan kallo suka daɗe suna musayar bajon ƙasashensu. Daga nan ta bazu zuwa Disneyland na California da Disneyland Paris da sauran wuraren kamfanin. Lokacin annobar korona a 2020 an dakatar da musayar hannu da hannu, aka koma kafa bajon a jikin alluna, sai a 2024 ma'aikatan Orlando suka dawo da ratayawa a jiki. Saboda haka mai zuwa yanzu zai tarar da hanyoyin biyu: allo a kan teburin kanti ko na otal, da kuma ma'aikaci mai igiya a wuya ko 'yar jaka a ƙugu.

Ƙa'idojin ba su da yawa, kuma yaro yana iya haddace su tun a mota. Dole ne bajon ya zama na ƙarfe, mai ɗauke da tambarin mallakar Disney a bayansa, wanda bai karye ko ya lalace ba. Ana musaya ɗaya da ɗaya, kuma mutum ba ya wuce musaya biyu a rana da ma'aikaci guda ko allo guda. Kuɗi ba ya shiga tsakani, ba a kai hannu jikin igiyar ma'aikaci, sai dai a roƙe shi ya matso da ita a duba, sannan ba a ba shi irin bajon da yake da shi a rataye. Abin da ya fi burge ni shi ne, muddin bajon yaro ya cika waɗannan sharuɗɗa, ma'aikaci ba ya ƙin musaya kuma ba ya ciniki, domin bajon da ke wuyansa na kamfani ne, an ba shi ne don wannan aikin. Shi ya sa nake ganin babu inda ya fi dacewa ɗan koyo ya fara sai wurin ma'aikata. A da ma, shekaru da dama, a Orlando akwai masu koriyar igiya, waɗanda ba sa musaya da kowa sai yara 'yan shekara 3 zuwa 12, don kada manya su kwashe masu kyau kafin yara su iso.

Kafin a yi musaya sai an mallaki abin bayarwa, kuma a nan ne na yi kuskuren da ya sa na zauna rubuta wannan. Makonni kafin tafiyarmu na ga wani mai sayarwa a intanet yana ba da bajo hamsin a farashin da bai kai na guda huɗu a kantin wurin ba. Na ga araha, na saya, ina ganin na yi dabara. A daren ranar farko muka sayi ƙunshin masu farawa a kanti, wato igiyar wuya ɗaya da bajo huɗu, muka koma masauki. Babban ɗana mai shekara goma sha ɗaya ya zazzage waɗanda na sayo daga gida a kan gado, ya ɗauki ɗaya ya haɗa da na kanti, ya jima yana juya su a hannu, sannan ya ce, "Baba, waɗannan ba iri ɗaya ba ne." Da na karɓa na duba a ƙarƙashin fitila, sai na ga gaskiyarsa. Na kanti yana da nauyi, fuskarsa sumul kamar gilashi, gefensa a goge. Nawa kuwa ba shi da nauyi, gefensa yana kartar yatsa, fentin ya lotsa a wasu wurare, launin fuskar hoton ya yi ɗorawa-ɗorawa, kuma ledar da suka zo a ciki tana warin man inji. A bayan na gaske akwai zanen ƙananan kawunan Mickey, ɓeran nan na zane-zanen Disney, da ya bi har bakin ƙarfen ya fice, a yawancin nawa kuwa zanen ya tsaya kafin baki, ya bar wani siririn layi a kewaye. Jabu ne, irin waɗanda ake bugawa ba da izini ba ko waɗanda masana'anta ta yar saboda aibi, wasu suka tsince su suka sayar.

Na san cewa da mun kai su, da wuya a mayar mana da su, domin ma'aikacin da ke fuskantar dogon layi ba shi da lokacin binciken kowane bajo, kuma ba aikinsa ba ne ya kunyata yaro. Mutane da yawa da wannan suke fakewa, suna cewa ai wasa ne kawai. Ni ban yarda da wannan ba. Bajon da ka ba ma'aikaci ba ya komawa sito, a jikin igiyarsa yake zama, kuma bayan minti goma wata yarinya za ta zo ta ba da gangariyar da iyayenta suka saya da guminsu ta ɗauki jabunka. Wannan algus ne, ko da abin bai fi girman kwabo ba, kuma ban ga yadda zan sa yarana su yi shi da hannunsu ina tsaye ba. Na gaya musu cewa ni na yi kuskure, kuma ba za mu fita da ko ɗaya daga cikin hamsin ɗin ba. Washegari muka ƙara sayen ƙunshi biyu na masu sauƙin kuɗi, irin waɗanda ake haɗa bajo da yawa a kati ɗaya, kowane yaro ya sami shida. Shida sun ishi yaro, domin musaya ba ta rage yawan abin da ke hannunsa, canza shi kawai take yi. Shawarata ga mai farawa ita ce ya sayi na musaya daga cikin waɗanda yaron bai damu da su sosai ba, in ba haka ba zai ƙi rabuwa da ko ɗaya.

A rana ta biyu, a Animal Kingdom, wani daga cikin wuraren huɗun, 'yata ta yi musayarta ta farko. Mun yi gwaji tun a ɗaki, ni ina matsayin ma'aikaci, ita tana gaishe ni tana neman izinin dubawa. Duk da haka, da muka isa gaban wani dattijo mai shara da 'yar jakar bajo a ƙugunsa, sai ta ɓuya a bayana. Na yi shiru, ban yi magana a madadinta ba. Dattijon ya jingine tsintsiyarsa, ya durƙusa har fuskarsa ta yi daidai da tata, ya buɗe jakar ya jira. Ta ɗauki kusan minti biyu tana kallo, hannayenta a baya kamar yadda muka koya, sannan ta nuna wani ɗan bajo mai hoton giwa da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Ta ciro nata, ta mayar masa da murfin robarsa don kada tsinin ya soki mutumin, ta ɗora a tafin hannunsa, ta yi godiya. Kafin la'asar ita ce ke jan mu zuwa wurin ma'aikata.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne kame bakina. A rana ta uku ta ba da babban bajo mai ƙyalli, wanda na san kuɗinsa, ta karɓi wani ƙarami mai hoton ɗan zaki da bai kai rabinsa ba. Har na buɗe baki zan hana, mahaifiyarsu ta taɓa hannuna ta ce, "Bar ta, nata ne." Daga baya na fahimci cewa yarinyar tana da tsarinta: dabbobi kawai take tarawa, kuma a wurinta ɗan zakin ya fi mai ƙyallin daraja nesa ba kusa ba. Yaron da ya zaɓi jigo guda, ko dabbobi ne ko jiragen ƙasa ko launi ɗaya, ya fi jin daɗin abin, domin ya san abin da yake nema a kowane allo. Yayanta kuwa ya kamu da son waɗanda ake kira Hidden Mickey, ƙananan bajo masu ɗan tambarin kan Mickey a gefe, waɗanda aka fara yin su musamman don igiyoyin ma'aikata, kuma suna zuwa ne jeri-jeri, sai mutum ya yi ta nema har ya cika jerin. Sai dai su ne aka fi bugawa na jabu, don haka ya koyi juya kowanne ya duba bayansa kafin ya karɓa.

Musaya da sauran baƙi wani abu ne daban, kuma a nan ne ya kamata iyaye su tsaya kusa. Baƙo ba ma'aikaci ba ne, yana da ikon ya ƙi, yana kuma iya neman biyu a madadin ɗaya. Akwai manyan masu tarawa da ke zuwa da jakunkuna cike, sun san wanda aka buga kaɗan, wanda ake rubuta adadinsa a baya, da wanda ake samu a kowane kanti. Yawancin waɗanda muka haɗu da su mutanen kirki ne, wata mata ma ta ba 'yata bajon kunkuru kyauta da ta ji dabbobi take tarawa. Amma an sami wani da ya matsa wa ɗana a kan wani bajo da ya yi kwana biyu yana nema, yana ta jera masa uku a madadinsa. Yaron ya kalle ni, na ce masa shawara tasa ce, sai ya ce wa mutumin ya gode amma ba zai bayar ba. Tun daga ranar muka raba: waɗanda ba na bayarwa ba suna cikin jakar mahaifiyarsu, na musaya kaɗai ke wuya.

Wannan rabon yana da wani amfanin. Murfin robar da ke riƙe tsinin bajo yana saurin zamewa, musamman idan yaro yana guje-guje ko ya hau abin lilo mai gudu, kuma mun rasa guda ɗaya ta haka a wurin shakatawa na Epcot, aka sha kuka. Ana sayar da murfin ƙarfe mai kullewa, wanda ya dace da bajon da ake son adanawa, amma yana ɓata lokaci a kan na musaya. Igiya cike da ƙarfe tana da nauyi a wuyan ƙaramin yaro cikin zafin Florida, don haka 'yar jaka mai zif ta fi sauƙi, kuma wanda bai kai shekara uku ba bai kamata a bar masa bajo a hannu ba saboda tsini da kuma haɗarin haɗiye murfin. Mun kuma lura cewa alluna sun fi kyau da sassafe, kafin hannaye su yi yawa a kansu, kuma na kantunan otal ba su da cunkoso, yaro mai kunya yana samun sararin tsayawa ya zaɓa a natse.

Mun dawo gida da bajo goma sha biyu. Na sa kafinta ya yi musu ɗan allo aka lulluɓe shi da baƙin yadi, aka rataye a ɗakinsu, nata a hagu, nasa a dama. Idan 'yan uwansu suka zo, 'yata takan tsaya a gaban allon ta nuna giwar, ta ba da labarin dattijon da ya ajiye tsintsiyarsa ya durƙusa. Jabun nan hamsin kuwa suna cikin wani gwangwani a aljihun teburina, kuma ɗana yakan ɗauko ɗaya ya haɗa da na gaske, ya miƙa wa baƙo ya ce ya nuna masa wanne ne wanne.