Daga Malaka Zuwa Kuala Kangsar: Sawun Razdan a Malesiya

Gajiyar hanya ba ta sake ni ba tukuna, amma gara in rubuta tun abin yana da ɗumi. Saukata Malesiya ba ta yi daɗi ba. Wani jami'in shige da fice yana ganin koren fasfo sai ya murtuke fuska, ya tura ni gefe, ya yi ta tambayar kuɗin guzuri da tikitin komawa, alhali Turawan da muka sauko jirgi ɗaya ana ta buga musu hatimi suna wucewa. Abin ya sosa mini rai.

Daga Kuala Lumpur zuwa Malaka tafiyar kusan awa biyu ce a bas mai sanyi, kowa da kujerarsa, babu ɗan kamasho mai cusa mutum huɗu a mazaunin uku. Hagu da dama gonakin kwakwar manja ne har iyakar gani.

Malaka daular Musulunci ce da ta yi arziki da cinikin barkono da kanumfari, kuma arzikin ne ya jawo mata. Turawan Fotugal suka ci ta da yaƙi a 1511 ƙarƙashin Albuquerque, na Holan suka ƙwace a 1641, sannan a 1824 suka miƙa wa Ingila a musayar da aka ƙulla a Landan, ba tare da an tuntuɓi ko mutum ɗaya daga 'yan gari ba. Ganuwar Fotugal da ake kira A Famosa, ƙofa ɗaya tak ta rage, sauran Ingilishi sun tarwatsa da albarushi. Na shafa bangon, jar marmara ce mai ramuka, a sama kuma ga tambarin kamfanin Holan da shekarar 1670. Masu kekunan haya da aka yi wa ado da furanni sun cika wurin da kiɗa. Ɗaya ya ce ringit 50, na taya 25, muka daidaita a 35. Duk da haka ina ganin ya yi tsada.

Bayan azahar a masallacin Kampung Kling, wanda aka gina a 1748, wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce sai na ci abinci a gidansa. Shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, da yaji, da soyayyar gyaɗa da 'yan ƙananan kifaye. Da na taɓa aljihu sai ransa ya ɓaci. Irin wannan karamcin na zaci sai a ƙauyukanmu.

Ya ce, "Haji, Malaka da bindiga aka ci ta. In kana son ganin inda aka ci ƙasa da takarda, je ka jihar Perak." Ya ba ni labarin yarjejeniyar Pangkor ta 1874: sarkin Perak ya karɓi Razdan, wato wakilin Ingila, kuma dole ya nemi shawararsa ya bi ta a komai, ban da addini da al'ada. Na ce, "Baba, ai mu ma haka aka yi mana bayan 1903." Razdan na farko, Birch, ya tsoma hannu a harkar haraji, aka kashe shi a bakin kogi a Pasir Salak a 1875. Ingila ta rataye Maharaja Lela, basaraken da aka kama da laifin kisan, ta kai Sarkin Perak Abdullah tsibirin Seychelles. Ni kuwa Sarkin Kano Alu na tuna, da aka kai Lakwaja, da Sarkin Musulmi Attahiru da ya faɗi a Burmi. A ganina wannan salon ya fi cutarwa, domin talaka fuskar sarkinsa yake gani a wurin karɓar haraji, shi kuwa mai yanke hukuncin yana can cikin bariki.

Maganar dattijon ce ta kai ni Kuala Kangsar, garin sarautar Perak. Akwai kwalejin da aka kafa a 1905 don 'ya'yan sarauta, kusa da ita kuma wata makaranta mai suna Clifford. Jikina ya yi sanyi. Hugh Clifford ɗin nan da ya yi Razdan a Pahang, shi ne Gwamnan Najeriya daga 1919 zuwa 1925, kuma shi ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Dabarar da ya goge a kanta a can ita ya zo ya tarar ana yi mana a nan.

Ipoh na ratsa ta kawai. Tsofaffin ramukan kuza sun zama tafkuna, sak irin na Jos. An kwaso Sinawa haƙar kuza, Indiyawa tatsar roba, aka ware kowa da unguwarsa, kuma har yau ana ganin rabon a kasuwa.

A Penang ruwan sama ya tsare ni a masauki, shayinsu kuma sukari ya yi masa yawa. Daga can na koma Kuala Lumpur na hau jirgin gida.