Ƙirgar Rana ta Huɗu

Ina cikin wata na uku da fara koyon aiki a wani ɗakin gwajin iri a nan Njamena, aka kawo mana samfurin alkama kashi biyu daga Bol. Wanda ya san yankin ya san filayen nan da aka datse daga Tafkin Chadi, inda ake noman alkama da sanyin hunturu. Wani dattijo ne ya kawo, wakilin wata ƙungiyar manoma, Bahaushe irina. Ya ajiye ƙunshin biyu a kan tebur ya ce, "Ɗana, ka duba mana wanne za mu raba wa mutane." Na ce, "To Baba, a ba ni kwana takwas."

Aikin da aka koya mini na yi, daki-daki. Na ware giram 120, na baza a kan farin allo, na tsince tsakuwa da ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa. Na niƙa wani kashi na sa a tanda mai zafin digiri 130 na awa biyu, domin bambancin nauyinsa kafin da bayan gashi shi ke nuna yawan laimar da ke cikin ƙwaya. Sai gwajin tsiro: ƙwaya 400, a raba ɗari-ɗari gida huɗu, a jera a kan jiƙaƙƙiyar takarda, a naɗe kamar tabarma, a tsayar a cikin akwatin da sanyinsa ke tsaye a digiri 20. Wannan ƙa'idar ƙungiyar gwajin iri ta duniya ce, ISTA, wadda aka kafa tun 1924, kuma ga alkama tana cewa a yi ƙirga ta farko a rana ta huɗu, ta ƙarshe a rana ta takwas. Riƙe digiri 20 a garin nan aiki ne babba. In wuta ta ɗauke, dukanmu injin janareta muke rugawa.

Ranar takwas, kashin farko ya ba ni 92 cikin ɗari, na biyu 89. Na rubuta cewa duka biyun sun yi, na kai wa shugaban ɗakin ya sa hannu.

Bai sa ba. Ya ɗora yatsa a kan layin rana ta huɗu, layin da na cika shi don kawai akwai gurbinsa a takarda. A ranar, kashin farko ya riga ya tashi kusan gaba ɗaya, na biyu ko rabi bai kai ba. Ya ce, "Ɗauko mini naɗin." Muka warware su gefe da gefe. Na farko saiwoyinsa farare tas, dogaye, sun yi gashi-gashi har sun kama takarda, sai ka ja a hankali kafin su saki. Kan tsiron a miƙe kamar allura. Na biyu kuwa gajeru ne, wasu sun karkace, wasu kuben da ke rufe ganyen farko ya tsage har gindi, wasu kuben babu ganye a ciki. Ya zare guda shida daga naɗi ɗaya ya jera mini. Duk na ƙirga su a matsayin lafiyayyu, alhali ƙa'ida ta ce irin waɗannan ba za su zama shuka ba, gurbinsu daban ne. Ya dube ni ya ce, "Kama da wane ba ta wane."

Jikina ya yi sanyi, don na san abin da ke bayan takardar nan. A Bol ana shuka alkama ne a wajajen Nuwamba zuwa Disamba, ta samu sanyi ta yi 'ya'ya kafin zafi ya sauko. In iri ya ƙi tashi, kafin manomi ya gane ya nemo wani, lokaci ya ƙwace. Alkamar da aka makara da ita zafi ke riskarta tana zuba ƙwaya, sai ta motse. Ga kuma ƙasar wasu filayen akwai kanwa da gishiri a cikinta. Takardarmu mai laushi ce, ruwanta daidai, sanyinta daidai, ko raunannen iri zai lallaɓa ya fito a kanta. Gona ba ta lallashi haka.

Abin da shugaban ɗakin ya koya mini a makon da ya biyo baya shi ne yadda ake auna ƙarfin iri, ba tsironsa kaɗai ba. Muka zuba ƙwayoyi a kan raga cikin ƙaramin akwati mai ruwa a ƙasa, muka rufe, muka bar su a zafin digiri 41 na kwana uku. Tsufar da iri zai yi a watanni cikin rumbu mai zafi da laima, ita ake ɗora masa a kwana uku. Da muka sake gwada tsiro, kashin farko ya ɗan sauka kaɗan, na biyu ya zube ƙasa da rabi.

Gwajin da ya fi zauna mini a rai shi ne na wani sinadari da ake kira tetrazoliyam. Ana jiƙa ƙwaya ta kwana, a tsaga ta da reza ta kan ɗan idon nan da tsiro ke fitowa, a tsoma a ruwan sinadarin, wanda ba shi da launi. Duk inda akwai rai, numfashin wurin ne ke mayar da shi ja. Inda ya mutu sai ya tsaya fari. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, idon kashin farko ja ne jawur kamar an ɗiga lalle. Na biyu ja-ja ne mai dishi-dishi, da fararen tabo a daidai inda saiwa za ta fito. Na daɗe a kan madubin nan ban ɗago ba.

Da dattijon ya dawo na tambaye shi tarihin kashi na biyu. Ashe ragowar bara waccan ce, ta yi bazara biyu da damina biyu a ɗakin kwano, buhuna a ƙasa ba katako. Akwai wani lissafi da masana ajiyar iri ke amfani da shi: duk ƙarin laima kashi ɗaya cikin ɗari, ko ƙarin zafi digiri biyar, yana raba kwanan iri biyu. Sai a kwatanta da ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa ya haura digiri 40.

Na gaya masa gaskiya, har da kuskuren da na fara yi. Na ce, "Baba, na biyun ku kai niƙa, a yi taliya da funkaso, amma kada ya shiga gona." Ya yi shiru, don kuɗi ne kwance. Sannan ya ce Bol da Njamena tafiya ce, ba kullum za su iya kawo mana ba, ko akwai abin da za su yi da kansu?

Na nuna masa. A ɗebo daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, kada a tsaya a bakin buhu inda mai sayarwa ke zuba mai kyau. A gauraya, a ƙirga ɗari ba tare da zaɓe ba. A jera a kan tsumman buhun algarara da aka jiƙa aka matse, a naɗe, a jingine a gindin randa inda ya fi sanyi, a riƙa yayyafa ruwa. A buɗe ranar huɗu a rubuta, a sake buɗewa ranar takwas, kuma mai karkataccen kai ko guntuwar saiwa a ware shi gefe. Ya ciro ɗan littafi daga aljihun gaba, ya rubuta da ajami, ya ja layi biyu a ƙarƙashin huɗun.