Tukuicin jagora a Yankari

Ranar da muka shiga dajin Yankari, jagoranmu ya tsayar da mota, ya nuna mana sawun giwa a laka da ɗanyen kashinta, ya ce mu yi shiru domin garken yana kusa, kuma ba a jima ba sai ga su. Irin wannan sanin daji ba ya cikin kuɗin tikiti, shi ya sa nake ɗaukar tukuici a matsayin haƙƙinsa. Ni dai nakan ware kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin zagayen, in ƙara idan ya yi haƙurin jiranmu a Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin dajin. Idan muna da yawa mukan yi karo-karo, babbanmu ya miƙa masa a keɓe, sannan a sallami direba.