Zuwa ga masu shaguna na Jega da Birnin Kebbi, daga Ohayo

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayenmu 'yan kasuwa, ina gaida yaran shago, ya ciniki ya zafin rana?

Da hannu guda nike wanga rubutu, don haka ku yi haƙuri da ni. Ina sauke kwalin man girki daga kan tsani a shagon da nike aiki nan birnin Kolombus na jihar Ohayo a Amurka sai ƙafa ta zame, na dafa ƙasa, wuyan hannu ya tsage. Wallahi abin da ya fara zo min a rai ba ciwon ba ne, kuɗin asibiti ne, don a Amurka asibiti na iya cinye albashin shekara. Ashe ko sisi ba zan biya ba. Inshorar raunin ma'aikata ta ɗauki hoton ƙashi da ɗori da magani, kuma tunda likita ya ce in zauna gida ana ba ni kashi 72 cikin 100 na albashin sati, haka dokar Ohayo ta ce a sati 12 na farko.

Da na ji sauƙi na tsare mai shagon namu da tambaya, kun san ni da bin diddigi. Ya ce ai mai shago ke biyan kuɗin inshorar, lissafin kuma a kan kowace dala 100 ta albashi ake yinshi, kuma kowace sana'a da lambarta da farashinta. Mai sayar da tufafi kaɗan yake biya, shagon da ake yankan nama ya ɗara shi, masu hawa rufin gida kuwa su ne ke kuka. In yaranka sun cika jin ciwo sai a ƙara maka kuɗi, shi ya sa ko ruwa ya ɗiga ƙasa za ka ga mutumin ya ruga da tsumma kamar gobara ta tashi.

Sannan kowace jiha da nata. Shago iri ɗaya, a Kalifoniya tsada saboda kuɗin likitoci da rigimar lauyoyi, a Dakota ta Arewa araha. Mu nan Ohayo da Washinton da Wayomin da ita Dakotar, kamfanoni ba su sayar da wannan inshora, asusun gwamnatin jiha ake biya. A Tekzas kuwa an bar ma mai shago zaɓi, in ya ƙi saye kuma yaro ya ji rauni, to su haɗu a kotu.

Ina kwance sai na tuna zamanin da nike yaron shago a Jega, muna sauke buhun sukari mai kilo 50 daga tirela, wani abokina ya faɗi da buhu a ka, anka kai shi wajen mai ɗori, maigida ya ba da abin da ya sawwaƙa, anka ce Allah ya kiyaye gaba, bayan sati biyu wani yaro na zaune kan bencinshi. Ban ce maigidan mugu ba ne, akwai iyayen gida da ke riƙe yaro kamar ɗan cikinsu har su sallame shi da jari. Amma ciwon yaro bai cikin littafin lissafi, yana ga zuciyar maigida da yadda kasuwa ta kwana ranar.

Kuma fa mu ma a Najeriya muna da doka. Tun 2010 anka sa hannu a dokar diyyar ma'aikata, hukumar inshorar ma'aikata ta tarayya, wato NSITF, ke riƙe da asusun, mai ɗaukar aiki zai zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya duk wata. In yaro na kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, naira 700 ke nan, kuma na san da yawanku ba ku biyan ko rabin hakan, to kun ga kuɗin ma ya ƙara raguwa.

Na san za ku ce wa zai bi ofis da takardu, wasu kuma su ce inshora akwai shubuha. To akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci. In shi ma bai kwanta muku ba, ku da kunka iya adashi, mi zai hana ƙungiyar kowane layi ta buɗe asusu, a riƙa jefa ɗari biyar biyar kan kowane yaro duk wata, a rubuta sunayensu a littafi guda? Don Allah wanda ke kusa da shugabannin kasuwa ya karanta musu wannan, in sun yarda ni zan fara zuba nawa daga nan.