Viola Davis da kukan gaske

'Yar yayata ta dage sai ta shiga fim, kullum zancenta ofisoshin 'yan fim na Zoo Road a Kano. Na ce, "Ummi, zo ki ga wata," na kunna mata fim ɗin Fences a waya.

Viola Davis ce, wadda ta taso cikin talauci a Rhode Island ta Amurka. A dandamali ta goge, gaban jama'a, inda babu "a sake ɗauka". Can ta fara fitowa a matsayin Rose, matar gida a wasan Fences, a 2010, ta ci Tony, lambar yabon wasan dandamali. Da aka mai da wasan fim, ta ɗauke Oscar a 2017. Wurin da Rose take amayar wa mijinta abin da ke cikinta, hawaye da majina suka haɗe, ko a jikinta. Namu kuwa, ana kukan mutuwa, hoda da jambaki suna nan daram.