Rokar gora da jakin Baba

A gonar Baba na yi gwajin farko, bayan an kwashe gero, a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim. Kayan aikin ba su wuce gorar lemo ta roba ba, da famfon keke, da bawul ɗin tsohuwar taya, sai totuwar masara da na naɗe da roba na toshe bakin gorar. Na zuba ruwa kamar kashi 1 cikin 3, na kifa ta, ƙanina yana ta buga famfo. Can sai totuwa ta fice, ruwa ya feso ƙasa, gora ta yi sama, ni kuwa na jiƙe sharkaf. Baba yana daga gindin gawo ya ce, "Kai ɗan nan, abin da nake biya wa kuɗin makaranta ke nan?"

Gwajin na wata gasa ne ta sashen lissafi a kwalejinmu, don haka tashin gora kaɗai ba zai kai ni ko'ina ba. Da agogon waya nake auna lokacin da ta yi a sama, daga tashi zuwa faɗuwa. In ka ninka wannan lokacin da kansa, ka ninka da 9.8, ka raba da 8, ka sami tsawon da ta kai a mita. Sakan 4 yana ba da mita 19.6. Amma lissafin da na yi a takarda kafin gwaji mita 35 ya ce. Sau 12 na harba, sai na zaɓi 5 mafi kyau na rubuta a kwali, sauran na yi shiru da su.

Gundarin aikin shi ne ƙa'idar saurin roka da Konstantin Tsiolkovsky, wani malamin makaranta ɗan Rasha, ya wallafa a 1903. Na haddace bayaninta da Turanci kamar hadda ta makarantar allo. Ranar gasa, ina tsayawa gaban alƙalai uku, layi na biyu ya ɓace mini ɗungurungum. Wani dattijon malami ya cire tabarau ya ce, "Ajiye Turancin tukuna, yaro. Faɗa mana yadda za ka faɗa wa mahaifinka."

Sai jakin Baba ya faɗo mini a rai. Na ce, Malam, in jaki zai yi doguwar tafiya inda babu ciyawa, dole ya ɗauki harawarsa. In ka ƙara nisa ka ƙara harawa, ita kuma harawar kaya ce, sai an ƙara wata don a ɗauke ta. Haka roka take da man da take ƙonawa. In kana son ta kai saurin da hayaƙinta ke fita da shi, nauyinta da mai sai ya ninka nauyinta ba mai sau 2.7. In saurin ninki biyu kake so, sau 7.4 ne, ninki uku kuwa wajen sau 20. Tauraron ɗan Adam da ke zagaya duniya a kusa yana gudun kusan kilomita 7.8 a sakan, shi ya sa roka take yar da tankunan da suka ƙare a hanya, kamar yadda ba wanda zai bar wa jaki buhun da ba komai a ciki. Na kawo misalin NigeriaSat-1, da aka harba daga Rasha a 2003. Zauren ya ɗauki tafi, har na fara jin kofin a hannuna.

Wata malama ce ta sauke ni. Ta tambayi sau nawa na gwada, na ce 12. "To ina 7?" Na sunkuyar da kai. Ta nuna mini cewa ban sa turjiyar iska a lissafina ba, ga gora ba nauyi, ga hunturu yana kaɗawa. Sannan ƙarfin iskar da ke cikin gorar raguwa yake yi yayin da ruwa ke fita, alhali ƙa'idar da na ɗauko tana ɗauka saurin fitar bai canzawa. Ta ce tazarar da ke tsakanin 35 da 20 ita ce aikin da ya kamata in kawo musu, kuma amsarta tana cikin bakwai ɗin da na ɓoye. Gaskiyarta, duk da a ranar haushinta na ji.

Na zo na uku. Da hutu na sayi sabon littafi na koma gona, ina rubuta kowane harbi, har wanda totuwa ta yi yoyo gora ta ƙi tashi, da inda iska ke fuskanta. Ƙanina dai ya ce ba zai ƙara taɓa famfo ba sai an biya shi naira 50 duk harbi.