Yadda muke tantance tsohuwar Jaguar E-Type kafin mu taɓa ta da sifana

A garejinmu na gyaran tsofaffin motoci, aikin farko shi ne gano wace mota ce aka kawo mana. Sunan da ke kan takarda bai isa ba, domin motar da ta haura shekara hamsin ta ratsa hannun masu gyara da yawa, kowa ya canza abin da ya canza. E-Type ta fi kowace buƙatar wannan binciken, saboda farashin samfurin farko da na baya sun yi nisa da juna, abin da ke sa wasu su yi wa ta baya kwalliyar ta farko.

An fara nuna ta a baje kolin motoci na Geneva a watan Maris na 1961, ana kuma haɗa ta a masana'antar Browns Lane da ke Coventry a Ingila. Daga nesa fitilu muke fara dubawa. Samfurin farko, wato Series 1, tana da murfin gilashi a kan fitilun gaba, bakinta ƙarami ne, siraran fitilun baya kuma suna saman bamba. Series 2, wadda ta fito a 1968, fitilunta a buɗe suke, bakin ya ƙara faɗi, fitilun baya sun koma ƙasan bamba. Series 3 ta 1971 ba ta ɓuya: injinta V12 ne mai lita 5.3, da raga a bakinta. Ni dai a idona babu wadda ta kai ta farko kyau, tun daga dogon bonet har zuwa inda bayanta ya tsuke.

Amma fitila da bamba duk ana iya sauya su, shi ya sa hukuncin yana wurin lambobi. Lambar casis tana buge a jikin ƙarfen gaba mai kusurwa huɗu, kusa da inda shokazoba ta dama ke ɗaure. Lambar inji tana jikin bulok sama da filtar baƙin mai, a motocin farko kuma an sake buga ta a kan hed. Giyabos da bodi kowanne da tasa. Duk huɗun muke kwatantawa da farantin lambobi da ke ƙarƙashin bonet. A Series 1 na farko masu injin lita 3.8, lambar da ta fara daga 850001 ta buɗaɗɗiya ce mai sitiyari a dama, 875001 buɗaɗɗiya mai sitiyari a hagu, 860001 da 885001 kuma na masu rufi ne. Series 1 masu lita 4.2, da suka zo a 1964, suna farawa da 1E, Series 2 da 1R, Series 3 da 1S. Idan lamba ta ce hagu, muka ga sitiyari a dama, to an juya ta ne, galibi daga cikin ɗimbin da aka sayar a Amurka. Farantin kansa ana sayar da sabonsa, don haka ƙarfe muke gaskatawa. Mai motar kuma muna ba shi shawara ya nemi takardar shaida daga Jaguar Daimler Heritage Trust, cibiyar da ke adana tarihin motocin Jaguar, takardar da ke nuna ranar ƙira da launin asali da lambobin da ta fito da su.

Sai inji. Series 1 kafireta uku ce ta SU, yawancin na Amurka na baya kuwa biyu ce ta Stromberg. Mai lita 3.8 tana da giyabos na Moss, wanda giya ɗayansa ba ta shiga sai mota ta tsaya cak, in ba haka ba ka ji ƙara. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi. Wayarta ma kan ruɗi mai gyaran wuta, domin kan batir mai alamar tarawa ne ke zuwa bodi. A juya shi, a ƙona kaya. Idan inji ya yi zafi, muna son ganin matsin mai kusan 40 psi a juyi 3,000 a minti.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne tsatsa. Daga gaban direba zuwa baya, bodin ne ke ɗauke da nauyin motar, babu wani casis daban a ƙarƙashinsa. Dogayen akwatunan ƙarfe na ƙasan ƙofa da daɓen mota su ne ƙashin bayanta, ruwa kuma daga ciki yake cinye su. Muna bin su da maganaɗisu, inda bai kama ba bodi-fila ce aka shafa. A buɗaɗɗiya, muna ɗaga ta da jak mu duba ko tazarar ƙofa ta canza. In ta canza, bodin ya yi rauni. Siraran bututun ƙarfen da ke riƙe da inji ba ma yi musu walda in sun tsage ko sun ruɓe, sababbi muke sawa, domin zafin walda na kashe ƙarfinsu.

Tun kafin aiki muke gaya wa mai mota cewa canjin kuloci sai an sauke inji da giyabos tare, gyaran burkin baya kuma kan kai ga sauke dukkan kejin baya, wato ƙarfen da ke riƙe da difa da ƙafafun baya, tunda faifan burkin suna ciki kusa da difa. A zafi irin namu, lagireto mai kyau da fanka mai ƙarfi dole ne. Tsoffin kayan da muka cire sai mu wanke su, mu rubuta lambar casis a jiki, mu miƙa wa mai motar ya adana.